Me ya sa maganin sukari ke daina aiki bayan 'yan shekaru?

Akwai ƙorafi guda da duk wanda ya daɗe yana zaman layin masu ciwon sukari ya saba ji, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko a Asibitin Ƙwararru, ko a bakin kemis a Mabera, duk a nan Sakkwato. Mutum ya shekara huɗu ko biyar yana shan ƙwaya guda da safe, sukarinsa na zaune lafiya lau. Sannu a hankali sai lambar ta fara hawa. A ƙara masa ƙwaya ta biyu, ta riƙe shi na wani lokaci, ita ma ta saki. Ana nan sai likita ya ambaci allura. Abin da ke fara zuwa a ran majinyaci shi ne an sayar masa da jabu, ko jikinsa ya saba da maganin, ko kuma akwai hannun wani a cikin lamarin. Jabun magani akwai shi a kasuwa, wannan ba a musu. Amma galibi ƙwayar tana nan yadda take. Abin da ya canja yana cikin jikin mutumin, kuma ƙanƙane ne ainun, ido ba ya ganinsa sai da madubin likita.

A bayan jakar ciki, kusa da farkon ƙaramin hanji, akwai wata gaɓa doguwa da likitoci ke kira fankiriyas. Mafi yawan aikinta fitar da ruwan narkar da abinci ne. A cikin namanta kuma akwai wasu 'yan dunƙule a warwatse, kimanin miliyan 1, waɗanda wani ɗalibin likitanci a Jamus, Paul Langerhans, ya fara gani a 1869 ba tare da ya san amfaninsu ba. Duk in an tara su, kashi 1 zuwa 2 ne kacal cikin 100 na gaɓar. A 1889 wasu likitoci biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare fankiriyas, karen ya kamu da ciwon sukari nan take. Sai a 1921 wasu masu bincike, Banting da Best, suka fitar da insulin, sinadarin da ke sauke sukari a jini, a Toronto ta Kanada. Fiye da rabin ƙwayoyin halittar da ke cikin waɗannan dunƙulen su ne ake kira ƙwayoyin beta, kuma su kaɗai ne a duk jikin ɗan Adam ke yin insulin.

Yadda suke aikin ya cancanci a tsaya a kansa, domin daga nan ake gane rabin magungunan da ake rubuta mana. Idan mutum ya ci tuwon shinkafa, sukari ya ƙaru a jininsa, wani kaso na sukarin yakan shiga cikin ƙwayar beta. Ta ƙona shi, ƙarfin da ya fito daga ƙonawar ya rufe wasu 'yan ƙofofi na sinadarin fotasiyam da ke jikin bangonta. Rufewarsu ita ke sa kalsiyam ya kwararo ciki, shi kuma ya tunkuɗa insulin ɗin da ke ajiye zuwa cikin jini. Ke nan ƙwayar tana auna sukari ne tukuna, sannan ta fitar da insulin daidai gwargwadonsa: sukari ya hau ta ƙara, ya sauka ta tsagaita. Fitarwar kuma hawa biyu ce. Akwai ta farko mai sauri, cikin kamar minti 10 da hawan sukari, sai ta biyu mai tafiya a hankali har abincin ya gama shiga jini. Insulin ɗin hanta yake fara isa, ya ce mata ta daina zubo nata sukarin, kana ya wuce ga tsoka da kitse ya buɗe musu hanya su kwashe abin da ke yawo a jini.

Wannan fitarwa ta farko ita ce ke fara ɓata tun ciwo bai bayyana ba. Shi ya sa mutum zai iya zuwa gwaji da safe bai ci komai ba, a ce masa lafiyarsa ƙalau, alhali awa biyu bayan ya ci masa da miyar taushe sukarinsa a sama yake. Haka kuma batun hanta shi ke amsa tambayar da ke rikita mutane da yawa: "Jiya da dare ko loma ban kai ba, amma na tashi sukarina 200." Ba abinci ba ne ya kawo wannan. Hanta ce ta kwana tana zubo sukari, saboda insulin ɗin da zai tsawata mata bai isa ba.

An saba bayyana ciwon sukarin manya da cewa jiki ne ya daina jin maganar insulin, saboda ƙiba da zama wuri guda. Gaskiya ne, amma rabin labari ne. Mafi yawan masu ƙiba ba su da ciwon sukari. Jikinsu ya taurare wa insulin, amma ƙwayoyin betansu sun ninka aiki sun cike giɓin, har su tsufa a haka. Ciwo yana farawa ne ranar da ƙwayoyin suka kasa cike giɓin. Har a fannin gado ma haka abin ya fito: mafi yawan ƙwayoyin gadon da bincike ya danganta da wannan ciwo, aikin ƙwayoyin beta suke taɓawa. Shi ya sa za ka ga gida guda ciwon na bin su ɗaya bayan ɗaya, maƙwabtansu da suke cin tuwo iri guda ko gezau.

Babban binciken da ya fito da wannan fili shi ne UKPDS na Birtaniya, wanda aka fara a 1977, babban sakamakonsa ya fito a 1998. Ya nuna cewa a ranar da aka gano ciwon a jikin mutum, aikin ƙwayoyin betansa ya riga ya ragu da kusan rabi, kuma yakan ci gaba da raguwa shekara bayan shekara, ko wane magani aka ɗora shi a kai cikin waɗanda ake da su a lokacin. Da aka yi lissafi baya, sai aka ga raguwar ta fara ne shekara 10 ko fiye kafin a gano. A Birtaniya ke nan, inda ake yi wa mutane gwaji akai-akai. A nan kuwa, mutane da yawa ba sa sanin suna da shi sai gyambon ƙafa ya ƙi warkewa, ko ido ya fara hazo, ko an kwashe su ranga-ranga zuwa asibiti. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Wanda ya zo a wannan hali, abin da ya rage masa ba zai kai na Baturen UKPDS ba. Kuma ciwon birni yake bi: binciken da likitocin asibitin koyarwa na Sakkwato suka yi a kan Fulani, wanda aka wallafa a 2011 da 2013, ya samu kusan kashi 5 cikin 100 a cikin gari, ƙasa da kashi 1 a karkara. Jini ɗaya, amma wanda ya bar bin shanu ya koma hawan kabu-kabu da shayi mai cokali huɗu na sukari, ƙwayoyinsa sun fi shan wahala.

Abin da ke gajiyar da su ba guda ba ne. Akwai kitsen da ke taruwa a hanta, ya malala zuwa fankiriyas. Akwai wani sinadari mai suna amilin da ƙwayoyin ke fitarwa tare da insulin, wanda in ya yi yawa yakan daskare a tsakaninsu. Mafi muni kuma shi ne sukarin kansa. Idan ya daɗe a sama, yakan zama guba ga ƙwayoyin da ya kamata su sauke shi, sai su rage aiki, sukari ya ƙara hawa, su ƙara raguwa. Duk watan da mutum ya yi da 300 a jininsa yana cewa ai ba ya jin komai, yana cin abin da ya rage masa ne.

Tambayar da ta fi muhimmanci ga mai jinya ita ce: mutuwa ƙwayoyin suka yi ko suma? Wani bincike na 2003 a Amurka, a kan gawarwakin masu ciwon, ya samu yawan ƙwayoyin ya ragu da kashi 40 zuwa 60 da 'yan kai. Wasu dai sun mutu, kuma ba su dawowa. Amma raguwar adadi ba ta kai raguwar aiki ba. A 2012 masu bincike a Jami'ar Columbia suka nuna, da farko a jikin ɓeraye, cewa da yawa daga cikin ƙwayoyin suna nan da rai, yin insulin ɗin ne kawai suka ajiye saboda wahala. Wanda ya ajiye aiki kuwa ana iya maido shi.

Hujjar hakan a jikin mutane ta zo daga wurare biyu. Ta farko binciken DiRECT ne, na Roy Taylor na Newcastle da Mike Lean na Glasgow, wanda aka wallafa a ƙarshen 2017. Sun ɗauki masu ƙiba waɗanda ciwonsu bai wuce shekara 6 ba, suka ɗora su a kan abinci mai ƙarancin kuzari, kalori 800 da ɗoriya a rana, na wata 3 zuwa 5. Bayan shekara guda, kashi 46 cikin 100 sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba. Cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne. Da aka auna, an ga fitarwar nan ta farko mai sauri ta dawo a jikin waɗanda suka samu sauƙi. Bayan shekara 2 adadin ya koma kashi 36, ya ci gaba da zaizayewa yayin da ƙiba ke dawowa. Hujja ta biyu daga ƙasar Sin take, a 2008. An ɗauki mutum 382 da aka gano ciwonsu sabo-sabo, aka danne sukarinsu da ƙarfi na 'yan makonni, wasu da insulin wasu da ƙwayoyi, sannan aka tsayar da komai. Bayan shekara, kusan rabin waɗanda aka yi wa insulin suna zaune ba magani, na ƙwayoyi kuwa kashi 27 ne. A duka biyun sharaɗin guda ne, a yi da wuri. Wanda ya shekara goma sha biyar da ciwon, damar tasa ta yi ƙanƙanta.

A nan nake da ja da yadda ake kwaso shawarar Turai a zube ta a gaban kowa. Binciken DiRECT a kan masu ƙiba aka yi shi. Ga Alhajin da teɓa ta yi masa gaba, ko Hajiyar da ta ƙara kilo ashirin bayan haihuwa, maganar rage nauyi magana ce ta gaske, kuma ko mai siraran hannuwa in yana da tumbi tana iya amfanarsa. To amma manomin da ya zo daga Gwadabawa ko Tangaza, ƙashin wuyansa a waje, sukarinsa 400, me zai rage? Irin wannan majinyaci ba baƙo ba ne a asibitocinmu. Jikinsa bai taurare wa insulin ba, insulin ɗin ne babu isasshe. Ɗaya daga cikin dalilan da ake dangantawa da haka shi ne yunwa tun a ciki da lokacin ƙuruciya, lokacin da fankiriyas ke ginuwa. Yaron da bai ƙoshi ba yakan girma da ƙwayoyin beta kaɗan. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, don haka wannan batu namu ne fiye da na kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa sanya ciwon sukarin da ke da alaƙa da tamowa a jerin nau'o'in ciwon a 1985, ta cire shi a 1999, sai ga shi a Afrilun 2025 Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da shi a matsayin nau'i na 5 a taronta na Bangkok. Idan aka hana irin wannan mutum tuwo da hura, aka bar shi da wake da ganye tsura, ramewa zai ƙara yi, sukarin kuma ba lallai ya sauka ba.

Akwai kuma wani nau'in da ke yawan rikita mutane. Baligi ya faɗi rashin lafiya farat ɗaya, ƙishirwa da fitsari ba ƙaƙƙautawa, jininsa ya yi tsami da sinadarin kiton, wanda ke taruwa in insulin ya yi ƙaranci, a ceto shi da insulin kamar mai nau'i na 1, wanda jikinsa ya daina yin insulin. Bayan wasu makonni ko watanni sai buƙatarsa ta insulin ta ragu har a iya tsayarwa. Likitocin Najeriya sun rubuta a kan irin wannan tun shekarun 1960 da 1970, kafin a sake gano shi a tsakanin baƙaƙen fata a New York. Ƙwayoyin ne suka suma saboda gubar sukari, insulin ya ba su hutu suka farfaɗo. Matsalar ita ce sau da yawa a daidai lokacin ne majinyacin ya fara shan wani jiƙo, sai jiƙon ya kwashe yabo, labari ya bazu a unguwa. Maƙwabcinsa da ƙwayoyinsa suka ƙare da gaske ya ji, ya ajiye allurarsa, a kai shi asibiti a sume. Shi ma wanda ya farfaɗo ɗin ciwon na iya dawo masa.

Idan aka dubi magunguna ta wannan fuska, sai su daina zama sunaye barkatai. A ɗauka jaki ne aka labta wa kaya, ya gaji a hanyar kasuwa. Ana iya rage masa kaya, ana iya tsula masa bulala, ana iya kawo wani jakin ya karɓi rabin lodin. Metformin rage kaya yake yi: yana hana hanta zubo sukari, don haka ƙwayoyin beta ba sa buƙatar fitar da insulin mai yawa. Tafiyar ƙafa da rage teɓa su ma nan suke, domin tsokar da ke aiki tana shan sukari da ɗan insulin kaɗan. Glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, da 'yan uwansa irin su glimepiride da gliclazide, su ne bulalar. 'Yan ƙofofin nan na fotasiyam suke rufewa da kansu, ko akwai sukari a jini ko babu, ƙwayar ta fitar da insulin dole. Allurar insulin kuwa ita ce jaki na biyu.

Ba ina cewa Daonil mugun magani ba ne. Yana da araha, yana sauke sukari da sauri, kuma ga mutane da yawa shi ne abin da aljihu zai iya. Masana ma ba su haɗu a kan cewa shi ke ƙarasa ƙwayoyin ba. Abin da aka tabbatar shi ne ƙarfinsa ya fi saurin sakin mutum: a binciken ADOPT na 2006, bayan shekara 5 ya gaza riƙe kashi 34 cikin 100 na masu shansa shi kaɗai, metformin kuwa kashi 21. Sannan tunda ba ruwansa da ko an ci ko ba a ci ba, yana iya faɗar da sukari ƙasa warwas, musamman ga tsoho da mai ciwon ƙoda da mai azumi. Wanda ya sha shi da sahur ya fita rana irin ta Sakkwato, la'asar na iya riskarsa yana karkarwa da gumi. Ƙa'idar da likitoci da malamai suka amince da ita ita ce in sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a karya azumin, kuma huda yatsa don gwaji ba ya ɓata shi. Zama da likita don sauya magani ko lokacin shansa tun Sha'aban ake yinsa.

Sababbin magunguna sun fi ladabi ga ƙwayoyin. Sitagliptin da vildagliptin, da allurai irin su semaglutide, suna ƙarfafa saƙon da hanji ke aika wa ƙwayoyin beta bayan cin abinci, don haka sai sukari ya hau suke aiki. Dapagliflozin da empagliflozin ba sa bi ta kan ƙwayoyin ma sam, ƙoda suke sa wa ta zubar da sukari ta fitsari, kuma suna kare zuciya da ƙoda. Sai dai ga ramammen da insulin ɗinsa ya yi ƙaranci suna da haɗarin tsamin jini, ga kuma bushewar jiki a lokacin zafi. Kuɗinsu ma ya isa ya hana yawancin mutanenmu.

Sai batun allura, wadda ake tsoro kamar sammaci. "Likita, don Allah a bar ni da ƙwaya, wagga allura in an fara ta ba a bari." Wani kuma ya ce wane ana fara masa ya rasu. Abin da ba a faɗa shi ne wane ɗin ya shekara biyar yana gudunta, sai da ƙoda ta tafi sannan ya yarda. Ƙwayar da aikinta matsa wa ƙwayoyin beta ne ba ta da abin yi in babu abin matsawa, ko guda nawa aka haɗiya. Kuma kamar yadda binciken Sin ya nuna, akwai waɗanda allurar tasu ta ɗan lokaci ce. Damuwar da ke da tushe ita ce ta ajiya, a garin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, wuta kuma sai an gan ta. Wani bincike da Jami'ar Geneva da ƙungiyar likitoci ta MSF suka wallafa a 2021, bisa yanayin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, ya samu insulin bai rasa ƙarfinsa ba tsawon mako 4 a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Kwalbar da ake amfani da ita, in aka ƙulle ta a leda aka ajiye a cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, ko a gindin randa a inuwa, za ta kai wata. Aljihun mota da jikin taga su ne ba a yarda da su ba, haka ma sa ta a ƙanƙara har ta daskare.

Wani abu da ya kamata a faɗa ko da ba a so: zuma da mazarƙwaila da dabino duk sukari ne a wurin ƙwayar beta, ba ta bambanta su da na kwali. Ɗacin shuwaka ma ba ya kashe zaƙin da ya riga ya shiga jini.

Akwai gwajin da ke nuna ko nawa ne ya rage. Duk sanda ƙwayar beta ta fitar da insulin, takan fitar da wani guntu mai suna C-peptide daidai yawansa, kuma insulin na kwalba ba ya ɗauke da shi. Auna shi a jini yana raba mai insulin da yawa wanda jikinsa ya taurare, da wanda rijiyarsa ta kusa ƙafewa. Ba kowane ɗakin gwaji ke yinsa ba, kuma in an yi shi lokacin da sukari ke can sama yana iya nuna ƙasa da gaskiya, saboda ƙwayoyin suna sume. Inda babu shi, likita kan duba shekarun mutum, da ƙirarsa, da saurin ramewarsa, da ko akwai kiton a fitsarinsa. Wanda kuma aka tsayar wa magani, ma'aunin da aka yarda da shi tun 2021 na cewa ciwon ya lafa shi ne gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin watannin baya, ya zauna ƙasa da 6.5 na aƙalla wata 3 ba tare da magani ba, a kuma riƙa maimaita shi duk shekara tare da duba ido da ƙoda da ƙafa. Ga mai sikila ko mai ƙarancin jini, wannan gwajin yana iya ba da lambar ƙarya, sai a koma ga gwajin safe kafin karin kumallo, inda iyakar ita ce 126, ko 7.0 a na'urorin da ke ƙirga da ɗaya ma'aunin.